Bairos ba wayo yake yi ba, magatakardansa ne mai yawan kuskure

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Na san dai wanzami baya son jarfa, ku ne kullum kuke gyara wa mutane rubutu, toh yau ga wani ɗalibi ya zo da nashi gyaran sai a yi min afuwa. Kwanakin baya na karanta wani rubutu a shafinku na kiwon lafiya inda marubucin ya nuna kamar bairos ɗin korona dabara yake yi, wai idan ya ga an fito da allurar rigakafi sai ya yi wayo ya canza kama ya kuɓuce. Na san ba da mugun nufi ya rubuta ba, so yake ya sauƙaƙa wa mutane, amma irin wannan maganar ce take sa wasu su ce ai abin da ba shi da ƙwaƙwalwa ba zai yi wayo ba, kenan akwai wasu a zaune a wani waje suna ƙera sabon nau'i duk bayan wata shida suna sakewa. Ni kuma abin da nake karantawa kenan a digiri na uku, yadda bairos masu RNA, wato wani zaren rubutu mai ɗauke da bayanin halittarsu, suke kwafin kansu, shekara ta huɗu kenan ina kai, har 'yan uwa sun gaji da tambayata wai har yanzu ban gama ba, kuma wai me zan yi da shi tunda ni ba likita ba ne ba zan duba mara lafiya ba. Shi yasa na ce bari in yi amfani da wannan dama in amsa duka biyun lokaci ɗaya.

Da farko akwai matsalar suna. Komai mu "ƙwayar cuta" muke ce masa, alhali bakteriya daban bairos daban, nisansu ya fi na akuya da itacen da take ci. Bakteriya halitta ce cikakkiya, tana ci tana girma tana rabuwa biyu da kanta, shi yasa antibayotik ke iya kashe ta, yana samun abin da zai lalata a jikinta. Shi kuwa bairos saƙo ne kawai a cikin ambulan, ɗan zaren rubutu an naɗe shi cikin rigar furotin (sinadarin gina jiki), wani da ƙarin mayafin kitse a waje. Baya ci baya numfashi, in ka ajiye shi a kan tebur babu abin da zai yi har ya lalace. Sai ya shiga cikin sel na mutum ko dabba ko tsiro, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jiki da su, sannan aiki ya fara. Tun 1892 wani Barashe mai suna Ivanovsky ya lura ruwan ganyen taba mai ciwo ko an tace shi da matatar da ke tare bakteriya yana ci gaba da harba ciwon, daga nan aka fara zargin akwai wani abu da ya fi bakteriya ƙanƙanta.

Toh wannan zaren rubutun, a wasu bairos DNA ne irin wanda ke ɗauke da bayanin halittarmu, kamar na agana. A wasu kuma RNA ne, kuma in ka duba yawancin waɗanda suke ba mu wahala a nan suke: shan inna, ƙyanda, mura, shawara, haukan kare, Ebola, Lassa, ciwon hanta nau'in C, ƙanjamau, korona. Haruffa huɗu ne kacal ake rubutun da su, A da U da G da C. Na shan inna haruffa wajen 7,500 ne, na Ebola wajen 19,000, na korona kusan 30,000 kuma shi ana lissafa shi cikin manya. Mu 'yan Adam namu haruffa biliyan 3 ne. Bairos ɗin Lassa furotin huɗu kawai yake iya haɗawa, huɗu fa Malam Edita, amma da su yake kwantar da ƙato.

Yanzu ga inda karatunmu ya ta'allaka. Sel ɗin jikinmu ya iya kwafin DNA zuwa DNA, ya iya juya DNA zuwa RNA, ya iya karanta RNA ya haɗa furotin da wani inji da ake kira raibosom. Abin da ba shi da shi shi ne injin da zai ɗauki RNA ya yi kwafinsa zuwa wani RNA ɗin. Kenan duk bairos mai RNA dole ya zo da nashi magatakardan, wani enzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki, da muke kira polimares, ko dai ya zo da shi a shirye cikin ambulan, ko ya zo da bayanin yadda za a haɗa shi. Wannan bambancin ne David Baltimore ya ɗora rabe-rabensa a kai a 1971, wanda har yau shi ne darasin farko da ake fara dukanmu da shi. Akwai masu zaren fulos, irin shan inna da korona da ciwon hanta C, su rubutunsu a miƙe yake, da ya faɗa cikin sel raibosom zai kama karantawa kamar saƙon gida ne. Shi yasa in ka cire zaren shan inna tsirara babu riga ka saka shi cikin sel, ciwo zai kama. Akwai kuma masu zaren mainos, irin mura da ƙyanda da Ebola da haukan kare, su rubutunsu kamar na jikin hatimi yake, a juye, sai an buga shi a takarda kafin a iya karantawa, don haka dole su shigo da magatakardansu a hannu, in ba haka ba zaren banza ne. Sai kuma su ƙanjamau da suka bi ta wata hanya daban, suna juya RNA ɗinsu ya koma DNA su cusa shi cikin namu ya zauna, abin da kafin 1970 ake ganin ba zai yiwu ba sai da Howard Temin da shi Baltimore kowanne a nashi ɗakin gwajin suka gano enzayim ɗin da ke yin haka, aka ba su kyautar Nobel a 1975.

Kowanne da irin satarsa. Shan inna da ya shiga sai ya datse wani furotin da sel ke buƙata kafin ya karanta saƙonninsa na kansa, shi kuma nashi zaren yana da wani lanƙwasa da raibosom ke iya hawa kai tsaye, kaga duk injinan gidan sun koma yi masa aiki, cikin awa 8 ko ƙasa da haka sel ɗaya ya fitar da dubun dubatar sabbi ya fashe. Na mura kuma baya iya haɗa hular da ake ɗora wa kan saƙo kafin a karanta shi, sai ya shiga har cikin cibiyar sel yana yanko kawunan saƙonninmu, haruffa 10 zuwa 13, yana liƙa wa nashi. Wallahi ranar da aka fara koya mana wannan dariya na yi ta yi a aji.

Amma maganar da ta kawo ni ita ce ta kuskure. Malam Edita kai ka fi kowa sanin abin da zai faru in aka ba mai buga rubutu shafi, ya buga da sauri, aka wuce da shi injin ɗab'i babu wanda ya yi bita. Sel ɗinmu in zai kwafi DNA yana da mai bita, in aka sa harafi ba daidai ba sai a koma baya a goge, bayan nan ma akwai wasu masu gyara da ke bin sawu, har ya zama kuskure bai fi ɗaya cikin haruffa biliyan ba. Magatakardan bairos mai RNA yawancinsu babu mai bita ko ɗaya, suna kuskure wajen sau ɗaya cikin haruffa 10,000 zuwa 100,000. Ka yi lissafi da kanka, zaren shan inna haruffa 7,500 ne, kenan ba sai an yi kwafi da yawa ba za a samu wanda ya sha bamban da uwarsa, kuma a jikin mutum ɗaya mai ƙanjamau da baya shan magani biliyoyin bairos ake haifa kullum. Duk wani kuskuren harafi ɗaya da zai iya faruwa, yana faruwa a jikinsa a ranar, ba sau ɗaya ba. Don haka abin da ke jikin mara lafiya ba bairos iri ɗaya ba ne, taro ne na 'yan uwa masu kama da juna kowanne da ɗan bambancinsa. Manfred Eigen ya fara lissafa wannan a takarda a 1971, daga baya a 1978 Esteban Domingo da abokan aikinsa suka gani da ido a wani bairos mai kama bakteriya.

Toh ina wayon yake? Babu. Mafi yawan kurakuran nan lalata bairos ɗin suke yi ko su raunana shi, kamar yadda in ka canza harafi ɗaya a jimla da ka, ya fi sauƙi ka ɓata ta da ka gyara ta. Ɗan kaɗan ne ke zuwa ba cuta ba amfani, sannan ƙalilan ƙwarai su dace da wani abu mai amfani gare shi. In aka kawo magani ko garkuwar jiki ta tashi, sai ta share duk waɗanda take iya kamawa, wanda kuskurensa ya sa ba a kama shi ba shi zai rage ya hayayyafa ya cika wajen. Kuskuren ya riga maganin zuwa, maganin tankaɗe kawai ya yi. Mai kallo daga nesa sai ya ga kamar bairos ne ya hango ya kauce.

Akwai wani gwaji da nake so ƙwarai, na Sol Spiegelman a shekarun 1960. Ya ɗauki zaren wani bairos mai haruffa sama da 4,000 ya zuba a kwalba tare da magatakardansa da kayan haɗa haruffa, babu sel babu komai, in an ɗan jima sai ya ɗebi kaɗan ya zuba a sabuwar kwalba, haka ya yi ta yi sama da sau 70. A ƙarshe abin da ya rage wani guntun zare ne mai haruffa 'yan ɗaruruwa kawai, ya zubar da duk wani bayani na riga da na shiga sel, saboda a cikin kwalbar nan abu ɗaya ne ke da amfani, wanda ya fi gajarta shi ake fi saurin kwafa. Babu wanda zai ce guntun zare a kwalba ya yi shawara.

Wani abin da ya fi wannan ɗaure kai, an taɓa samun bairos ɗin shan inna wanda sauyin abu ɗaya tak a jikin magatakardansa ya sa ya rage kuskure, ya zama mai tsafta a kwafi. Kowa zai ɗauka ai wannan ya fi ƙarfi. Da aka gwada a jikin ɓeraye wajen 2005 da 2006 sai aka ga ya fi rauni, baya iya kaiwa ƙwaƙwalwa kamar na asali, saboda taron nashi ba shi da bambance-bambancen da zai tsallake shingayen da ke jiki. A ɗaya gefen kuma in ka ƙara masa kuskure fiye da yadda yake yi, rubutun ya cika da shirme ya rushe gaba ɗaya. Kenan a bakin rami yake rayuwa, kuma akwai magunguna da aikinsu kawai su tura shi ciki, molnupiravir da aka yi amfani da shi a korona haka yake aiki, yana shiga cikin zaren kamar harafin gaskiya, wajen kwafi na gaba a karanta shi wani lokaci C wani lokaci U, har saƙon ya zama babu ma'ana.

Shi korona da aka yi rubutun a kansa ma yana cikin masu ƙarancin kuskure, abin dariyar kenan. Danginsa suna da mai bita, wani furotin da ake kira nsp14 yana bin bayan magatakarda yana cire harafin da aka sa ba daidai ba, da babu shi zaren haruffa 30,000 ba zai ɗore ba. Shi yasa a farkon annobar sauyi wajen biyu kawai yake tarawa a wata. Abin da ya ba shi dama yawan mutane ne, in ɗaruruwan miliyoyi suka kamu, ko mai bita ya kai yaya sai an samu wanda ya zille. Kuma sunayen nan Alfa, Delta, Omikron da mutane ke cewa daga ina suke fitowa, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fara laƙaba haruffan Girka a watan Mayun 2021 don a daina kiran nau'i da sunan ƙasa. Omikron masana a Botswana da Afirka ta Kudu ne suka hango shi a jerin haruffan da suke karantawa, aka sanar a 24 ga Nuwamban 2021, da sauyi sama da 30 a furotin ɗin ƙayar da yake kama sel da ita. Sakayyar da suka samu ita ce ƙasashe da dama suka rufe musu hanyar jirgi, wanda ni har yau ina ganin rashin adalci ne, mutum ya ga wuta ya yi ihu a kama shi a ce shi ya kunna.

Mura kuma tata hanyar ta fi ban tsoro. Zarenta guntu 8 ne a rabe, in iri biyu suka haɗu a sel ɗaya, misali na tsuntsu da na mutum a jikin alade, 'ya'yan da za su fito sai su kwaso wasu guntaye daga nan wasu daga can, a wayi gari da sabon abu da garkuwar kowa bata san shi ba. Haka aka samu annobar 1957 da ta 1968 da ta 2009. Sai dai kar wani ya ɗauka duk mai yawan kuskure yana tsere wa rigakafi. Ƙyanda ma RNA ce, tana kuskure kamar saura, amma allurar da aka fara tun 1963 har gobe tana aiki, saboda wuraren da garkuwa ke kamawa a jikinta su ne kuma wuraren da take buɗe ƙofar sel da su, in ta canza su ta rasa makulli. Me yasa wannan ya iya wancan bai iya ba, irin tambayar da mutum ke ƙarar da shekara huɗu a kai kenan.

Masu tambayata amfanin karatun, ga ciwon hanta nau'in C. An gano bairos ɗin a 1989 amma shekara da shekaru ya ƙi girma a ɗakin gwaji, babu yadda za a gwada magani a kansa. A 1999 wasu masana a Jamus suka haɗa wani guntun zarensa da ke iya kwafin kansa a cikin sel ɗin hanta a faranti, ba cikakken bairos ba, injin kwafin kawai. A lokacin wa zai ce wannan magani ne? Amma a kansa aka yi ta gwada sinadarai, har a ƙarshen 2013 aka amince da sofosbuvir, wanda harafin bogi ne da magatakardan ke ɗauka ya liƙa sai rubutu ya tsaya cak. Yau da shi da abokan haɗinsa, ƙwayoyi na mako 12 suna warkar da sama da kashi 90 cikin ɗari. Ƙanjamau ma haka, maganinsa na farko mai suna AZT ya fito a 1987 ana murna, ba a daɗe ba ya daina aiki a jikin mutane da yawa saboda dama akwai masu kuskuren da ya dace suna jira. Lissafin kuskuren ne ya nuna mafita, samun sauyi ɗaya abu ne na kullum, amma a ce zare ɗaya ya dace da sauye-sauyen da za su kare shi daga magani uku a lokaci guda, wannan da wuya ƙwarai, shi yasa daga 1996 aka koma haɗa uku. Kuma shi yasa ake matsa wa masu sha kar su riƙa tsallake rana, in maganin ya yi ƙasa a jini kwafi ya dawo, kuskure ya dawo, ka ba shi damar tara su ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar da na san tana da zafi, ta ɗigon shan inna. Ɗigon Sabin, wato wanda ake ɗiga wa yara a baki, bairos ne mai rai da aka raunana, kuma raunin nashi a kan haruffa ƙalilan ya tsaya. Yaron da aka ɗiga wa yana samun kariya, yana kuma fitar da shi a bayan gida na ɗan lokaci. Inda kusan duk yara sun karɓa, bashi da inda zai je sai ya mutu. Inda aka bar yara da yawa babu rigakafi, sai ya yi ta yawo daga wannan zuwa wancan wata da watanni, kowane kwafi da damar kuskure, har haruffan nan su koma yadda suke a da ya dawo da ƙarfinsa. Wannan ba sirri ba ne, a kowane littafin darasi yana nan, kuma abin da yake nunawa shi ne gibin rigakafi ne ke ba shi hanya. Abin da aka yi a kai shi ne ya fi burge ni, masana suka koma kan zaren nau'i na 2 na bairos ɗin ɗigon suka sake ɗinke lanƙwasar nan da raibosom ke hawa yadda harafi ɗaya ba zai warware ta ba, suka matsar da wani yanki daga inda yake, sannan suka taɓa magatakardan ya rage kuskure ya rage musayar guntaye da danginsa. Wato gwajin ɓerayen nan da na faɗa a sama wanda a lokacin kamar son sani ne kawai, iliminsa ya shiga cikin sabon ɗigon da aka fara amfani da shi a watan Maris na 2021.

Kuma da yake kuskuren yana taruwa sannu a hankali da wani irin ƙa'ida, ya zama mana agogo. In ka jera zaren bairos daga mutane daban daban ka ƙirga bambancinsu, zaka iya zana bishiyar dangantaka har ka kimanta yaushe kakansu ya rayu. Da haka aka gano ƙanjamau da ya game duniya ya fara yaɗuwa tsakanin mutane tun farkon ƙarni na 20 a yankin Kinshasa, akwai ma samfurin jini na 1959 daga can da aka same shi a ciki, lokacin da babu wani ɗan Adam da ya iya karanta zaren bairos balle ya ƙera, don sai 1976 aka fara karanta cikakken zaren wani bairos, a Beljiyam, ɗan ƙarami mai haruffa 3,569. A Ebolar 2014 ma an karanta zare 99 daga marasa lafiya 78 a Saliyo aka ga daga dabba sau ɗaya ya tsallako, sauran duk mutum ne ke ba mutum, wanda ya nuna inda ya kamata a sa ƙarfi. Biyar daga cikin waɗanda suka yi wannan aikin Ebolar ta kashe su kafin a buga shi, ciki har da Dakta Sheik Humarr Khan, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu.

Ga ƙannena masu sha'awar shiga wannan fanni a mastas ko digiri na uku, kar ku ɗauka farar riga ce da leƙa madubi, bairos ma ba a ganinsa da madubin da kuka sani. Rabin aikin a gaban kwamfuta yake, dole ka koyi lissafin ƙididdiga da rubuta ɗan kod a Python ko R, in kana gudun lissafi ne ya sa ka zaɓi bayoloji toh ya biyo ka har nan. Sauran rabin kuma haƙuri ne. RNA abu ne mai saurin lalacewa, a fatar hannunka ma akwai enzayim da ke cinye shi, ka taɓa bakin kwalba da yatsa aikin mako ya tafi, kullum safar hannu kullum ƙanƙara, ajiya sai firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili. Zaka raini sel a faranti kamar jarirai, ranar hutu ma sai ka je ka canza musu ruwa, ka zuba bairos ka jira kwana biyu uku ka zo kana ƙirga ramukan da ya ci ɗaya bayan ɗaya. Masu haɗari irin Ebola da Lassa kuwa masu rai ba a taɓa su sai a ɗakin gwaji mai mataki na 4 na tsaro, yawancinmu da guntayen da basa iya harbi muke aiki, kuma kafin ka fara komai sai kwamitin tsaro ya duba ya sa hannu, wanda ni ban taɓa jin haushinsa ba.

Ni kaina na sha nawa. A shekarata ta biyu na yi wata huɗu ina tattara sauye-sauye a zaren da nake nazari, na ga sun yi yawa har na fara jin na gano wani abu, na shirya allo na kai semina ina ta bayani. Wata malama a baya ta ɗaga hannu ta tambaye ni a hankali, wane enzayim na yi amfani da shi wajen juya RNA ɗin da ninka shi kafin karantawa, kuma nawa ne nashi kuskuren? Shiru na yi. Ashe yawancin abin da nake ƙirgawa ba na bairos ba ne, kayan aikina ne ke kuskure, injin karanta haruffan ma nashi kuskuren ya kai ɗaya cikin 1,000, ya fi na bairos ɗin da nake aunawa yawa. Sai da na koma farko na koyi yadda ake liƙa wa kowane zare lamba tun kafin a ninka shi, yadda in ka ga sauyi a duk kwafin da ke da lamba ɗaya ka san na asali ne, in a ɗaya kawai ya fito ka san na hanya ne. Wata huɗu sun tafi amma wallahi ranar na fara zama ɗalibin bincike.

Roƙona gare ku Malam Edita guda biyu ne kuma basu da tsada. In za ku rubuta labarin cuta ku riƙa faɗa mana bairos ne ko bakteriya, ko da kalma ɗaya ce, don mai mura ya daina neman antibayotik. Sannan in sabon nau'i ya fito, a bar cewa ya yi wayo ko ya canza dabara, a ce an samu sauyi a haruffansa wajen kwafi kuma wannan sauyin ya sa ya fi saurin yaɗuwa, ko ya sa garkuwa bata kama shi sosai, duk wanda binciken ya nuna. In marubucin naku yana son ƙarin bayani kafin rubutu na gaba a shirye nake, lambata tana tare da wasiƙar amma don Allah kar a buga ta. Bari in tsaya haka, akwai faranti 12 da na zuba tun shekaranjiya suna jirana a ƙirga.

Naku,
Wani ɗalibin digiri na uku a fannin ilimin bairos